Ƙari a Jijiyar Ganin Yara Masu NF1: Me Hoton Yawon Ruwa Yake Iya Faɗa Mana?

Baban Auta:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, amma yau larura ta kawo ni. Ina zaune a Ingila da iyalina saboda aiki, kuma an tabbatar mana cewa autarmu, wadda ta cika shekara huɗu a watan jiya, tana da cutar niyurofaiburomatosis nau'i na ɗaya, wadda likitoci suke taƙaitawa da NF1. Tun tana goye muke ganin tabo-tabo a bayanta da cinyoyinta, masu ɗan duhu fiye da sauran fatarta, muka ɗauka irin tabon da ake haihuwar yaro da shi ne. Abin da ya fara tayar mana da hankali shi ne yadda take karkata kai gefe guda idan tana zane, har hancinta ya kusa taɓa takarda. Da aka yi mata hoton MRI, sai aka ga ƙari a jijiyar ganinta ta hagu, ya miƙe har zuwa inda jijiyoyin idanu biyu suke haɗuwa. Likitocin sun ce ba za su fara magani yanzu ba, za su riƙa auna ganinta duk bayan wata uku. Sun kuma nemi izininmu su ƙara wani nau'in hoto da suka kira DTI, a ƙarƙashin wani bincike da suke yi. Tambayoyina biyu ne. Ta yaya za a ga ƙari a cikin kan yarinya a ce a dakata? Kuma mene ne wannan hoto na biyu zai nuna wanda na farko bai nuna ba?

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, Baban Auta. Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara muku juriya kai da mahaifiyarta. Zan ɗauki tambayarka ta farko, ta biyun kuma in bar wa masu aiki da na'urar, domin sun fi ni saninta.

Cutar NF1 tana samun kusan ɗaya daga cikin kowane yaro 3,000 da aka haifa, ba ta ware wata ƙabila ko ƙasa. Likitan nan na Jamus, Friedrich von Recklinghausen, shi ne ya yi cikakken bayaninta a 1882, sai a 1990 aka gano ƙwayar gadon da take jawo ta a kan kuromosom na 17. Aikin wannan ƙwayar gado shi ne ta taka wa ƙwayoyin jiki burki don kada su yi ta hayayyafa ba iyaka, kuma idan ta samu tangarɗa, ƙari kan fito a jikin jijiyoyi. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na yara masu cutar suna samun irin ƙarin da aka gani a jikin 'yarka, wanda ake kira giliyoman hanyar gani, kuma akasari yana bayyana kafin yaro ya kai shekara bakwai.

Dalilin dakatawa shi ne cewa wannan ƙari yana da tafiyar hawainiya, kuma a wajen rabin yaran ko fiye ba ya taɓa ganinsu ko kaɗan. Wani yakan tsaya cak shekara da shekaru, wani ma yakan motse da kansa. Maganin kuma ba ƙaramin nauyi ba ne. Abin da aka saba bayarwa shi ne kabofilatin da binkiristin ta jijiyar jini, fiye da shekara guda ana kai da komo a asibiti, ga ƙarancin jini, ga raunin garkuwar jiki, ga kasalar ƙafafu. Tiyata ba kasafai take amfani ba, saboda ƙarin a cikin jijiyar kanta yake, idan aka yanke shi an yanke gani. Gasa ƙari da haske mai ƙarfi, wato radiyoterafi, kuwa ana gudunsa ƙwarai a masu NF1, domin yana iya haifar da sabon ƙari mai muni daga baya, yana kuma iya tsuke hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Saboda haka ba a ɗora wa yaro wannan wahala sai an tabbatar ganinsa ya fara ja da baya. Babbar matsalar da ta dame mu duka ita ce gane wane yaro ne zai rasa gani kafin ya rasa shi, kuma a nan ne tambayarka ta biyu take shigowa.

Ma'aikacin MRI:
Barkanmu da warhaka. Baban Auta, Allah ya sa kaffara ne. Shekaruna goma sha ɗaya ina sarrafa wannan na'ura a Kano, kuma zan yi ƙoƙarin bayani yadda nake yi wa ɗaliban da suke zuwa koyon aiki.

Hoton MRI na yau da kullum siffa yake nunawa: ga ƙari, ga tsawonsa, ga faɗinsa, ga inda ya tsaya. Hoton da aka ce za a ƙara mata, wanda ni nake kira hoton yawon ruwa, motsi yake aunawa. Idan ka cika ƙwarya da ruwa ka ɗiga shuni a tsakiya, ko ba ka taɓa ƙwaryar ba za ka ga shunin yana bazuwa ta kowace fuska daidai wa daida, saboda ƙwayoyin ruwa ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin kai da komo suke. Masanin tsirrai Robert Brown ya ga alamar wannan motsi a madubin ƙara girma tun 1827. To, ruwan da yake cikin ƙwaƙwalwa ma haka yake yawo, sai dai ba ko'ina yake samun sarari ba. Ka tuna yadda jama'a suke watsewa idan an sallame daga filin Idi, kowa ya kama gabansa, gabas da yamma, kudu da arewa. Amma da zarar sun shiga lungunan cikin gari, gaba ko baya kawai ake iya yi, domin katanga ta tare dama da hagu. Jijiyar gani guda ɗaya tana ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya a jere, kowanne naɗe da wata riga ta kitse, kuma ruwan da yake tsakaninsu yana bin tsawonsu ne kamar mutanen lungu. Idan zaruruwan suka lalace ko rigarsu ta zaizaye, katangar lungun ce ta zube, sai ruwa ya fara fantsama gefe.

Wannan bambanci na'urar take mayarwa lamba, wadda za ka gani an rubuta FA a rahoto. Lambar tana tsakanin 0 da 1. Idan ta kusanci 0, ruwan yana yawo ko'ina kamar na ƙwarya, idan kuma ta haura zuwa 1, ruwan ya miƙe hanya ɗaya, alamar zaruruwa suna nan a jere lafiya. Denis Le Bihan na Faransa ne ya fara nuna yadda za a ɗauki yawon ruwa da MRI a tsakiyar shekarun 1980, sannan a 1994 Peter Basser da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka suka fito da lissafin da yake gane fuskar da ruwan ya dosa, wanda shi ne DTI. Dole a auna aƙalla ta fuskoki shida, ko da yake yanzu ana yin talatin ko fiye. Daga nan kwamfuta take bin sawun ruwan ɗaki-ɗaki har ta zana hanyoyin jijiya da launuka: ja ga masu tafiya daga dama zuwa hagu, kore ga masu tafiya daga gaba zuwa baya, shuɗi ga masu hawa da sauka.

Don hankalinka ya kwanta, wannan sashe ba ya bukatar allurar rinin da ake yi wa wasu hotuna, babu kuma wani haske mai cutarwa a cikinsa. Mintuna kaɗan yake ƙarawa. Abin da kawai za a lura shi ne na'urar takan ƙara ƙara a lokacin, gadon ma har rawa yake yi.

Ɗalibin Kimiyya:
Na gode da wannan bayani, Malam. Akwai abin da ya shige mini duhu. Tunda an san inda ƙarin yake, wato a jijiyar da ta fito daga bayan ido, ashe ba sai a auna wannan lamba a daidai wurin ba, a ga ko zaruruwan sun lalace? Me ya sa har yanzu ake kiransa bincike, bayan shekara talatin da ƙirƙiro shi?

Ma'aikacin MRI:
Tambayarka ta taɓo inda gizo yake saƙar. Jijiyar da take bayan ido tana daga cikin wuraren da suka fi ba mu wahala a duk cikin kai. Kaurinta milimita uku zuwa huɗu ne kacal, alhali kowane ɗan ɗigo na hoton yawon ruwa yakan kai kusan milimita biyu, don haka ɗigo ɗaya yakan haɗo jijiya da kitsen da yake kewaye da ita da ruwan da take kwance a ciki, lambar ta gauraye. Ido kuma ba ya tsayawa, yana motsi yana jan jijiyar. Ga kogunan iska na hanci a kusa, waɗanda suke karkatar da hoton har siffar wurin ta lanƙwashe.

Shi ya sa masu bincike suka koma baya. Hanyar gani doguwa ce. Daga tantanin bayan ido saƙo yake tashi, ya bi jijiyar zuwa mararrabar da take ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda kusan rabin zaruruwan kowane ido suke tsallakawa ɗaya ɓangaren. Daga can ya wuce zuwa wata 'yar tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda ake miƙa shi ga wasu sababbin zaruruwa da suke bazuwa kamar bakin tsintsiya har zuwa ƙeya, wurin da ake fassara abin da aka gani. Waɗannan zaruruwan baya suna da faɗi, ba sa motsi, sun yi nisa da kogunan iska, kuma a hoton launi kore shar suke fitowa. Su ne aka fi samun sahihin awo a kansu.

Likitar Ido:
Assalamu alaikum. Baban Auta, Allah ya tashi kafaɗunta. Ina bin wannan magana tun safe, sai yanzu na tashi daga ganin marasa lafiya. Na yarda da duk abin da Malam ya faɗa game da yadda na'urar take aiki, amma ina so in ja hankali kada a ɗora wa wannan hoto nauyin da bai riga ya iya ɗauka ba.

Da farko zan ƙarfafa dalilin da ya sa ake nemansa, domin dalili ne na gaskiya. A 2012 Michael Fisher na asibitin yara na Filadelfiya da abokan aikinsa suka tattara bayanan yara masu NF1 daga cibiyoyi goma, waɗanda aka yi wa maganin wannan ƙari. Bayan an gama magani, ganin kusan kashi 32 cikin 100 ya ƙaru, na kashi 40 ya tsaya yadda yake, na kashi 28 kuma ya ƙara lalacewa. Abin da ya fi jan hankali a wannan aiki shi ne cewa girman ƙari a hoto da halin da gani yake ciki ba su tafi tare ba. Akwai yaron da ƙarinsa ya motse amma ganinsa ya ci gaba da zubewa, akwai kuma wanda ƙarinsa ya ƙara girma alhali yana gani garau. Ke nan tsawo da faɗi ba su isa hujja ba.

To me ya rage mana? Awon gani. Kuma a nan ne nake shan wahala kullum. Yaro ɗan shekara biyu ba ya karanta haruffan allo. Muna amfani da wasu kwalaye masu launin toka, a gefe ɗaya an zana ratsin baƙi da fari, a tsakiya akwai 'yar huda da nake leƙen idon yaron ta ciki. In ɗaga kwali, in ga ko idonsa ya juya wajen ratsin, sannan in ɗauko mai siraran ratsi, haka har in kai wanda ya daina bambancewa. Idan yaron yana jin yunwa, ko barci, ko ya ƙi yarda a rufe masa ido ɗaya, awon ranar ya tashi a banza. Yara masu NF1 kuma da yawansu suna da wahalar tattara hankali wuri ɗaya. Don haka ina cikin masu ɗokin a samu awon da ba ya jiran haɗin kan yaro. Tambayata ita ce ko wannan hoto ya kai matsayin da zan ce a fara wa yaro magani a kansa, kuma amsata a yau ita ce bai kai ba.

Ma'aikacin MRI:
Likita, ranki ya daɗe, ban ce ya kai ba, amma ina ganin ya fi kusa da yadda kike nunawa. A 2013 Peter de Blank da abokan aikinsa, su ma daga Filadelfiya, sun duba yara 50 masu NF1 da wannan ƙari, waɗanda aka yi wa DTI aka kuma auna ganinsu. Sun tarar cewa yaran da ganinsu ya raunana suna da ƙarancin lambar FA a zaruruwan bayan nan da na ambata, alhali awon da aka yi a jijiyar bayan ido bai nuna wannan alaƙa ba. A cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya kuma, an ga alamun cewa lambar ta farko tana iya tafiya tare da yadda ganinsu ya sauya bayan shekara guda. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin idan ya tabbata, muna da abin da zai yi gargaɗi kafin ɓarna ta fito fili. Haka nan a 2018 masu bincike a Landan, ƙarƙashin Patrick Hales, sun bi sawun hanyar gani a yara masu wannan ƙari, su ma suka ga alaƙa tsakanin awon zaruruwan baya da ƙarfin gani. Idan cibiyoyi biyu a nahiyoyi biyu, da na'urori daban, suka doshi wuri ɗaya, ai abin ya wuce dace.

Likitar Ido:
Malam, na san waɗannan ayyuka kuma ina girmama su. Ga abubuwan da suke hana ni sakin jiki.

Lambar FA tana hawa da kanta yayin da yaro yake girma, saboda rigar kitsen jijiyoyi tana ci gaba da kauri a shekarun ƙuruciya, wato daidai shekarun da ƙarin yake aikinsa. Idan ka ga lambar 'yar shekara huɗu ta yi ƙasa, sai ka fara tambaya ƙasa da ta wa, kuma ina jadawalin yara masu lafiya 'yan shekara huɗu da aka auna da irin na'urarka? Bayan haka, ƙwaƙwalwar mai NF1 daban take ko da babu ƙari. Kai da kanka ka san fararen ɗigogin nan da suke fitowa a hoton yawancin waɗannan yara, waɗanda ba ƙari ba ne kuma sukan ɓace idan an girma, kuma an nuna cewa yawon ruwa yana sauyawa a ƙwaƙwalwarsu har a wuraren da ido yake ganin lafiya lau. Sannan lambar da na'urar wani kamfani ta bayar ba lallai ta yi daidai da ta wani ba.

Akwai kuma wata tambaya da ta fi waɗannan zurfi. Zaruruwan baya suna bayan tashar da ake sauya saƙo, sau da yawa nesa da ƙarin. Idan lambarsu ta faɗi, shin gargaɗi ne na ɓarnar da take tafe, ko kuwa sawun ɓarnar da ta riga ta auku a gaba ne ya iso baya? Binciken da David Gutmann da mutanensa suka yi a kan ɓeraye a Jami'ar Washington da take Sen Luwis ya nuna cewa ƙarin yana lalata zaruruwan jijiya, daga nan ƙwayoyin da suka haife su a tantanin ido su mutu, kuma waɗannan ƙwayoyi idan sun mutu ba sa dawowa. Shi ya sa ni na fi karkata ga na'urar OCT, wadda take auna kaurin shimfiɗar zaruruwan a cikin idon kansa da haske, cikin daƙiƙoƙi. Robert Avery ya yi aiki mai yawa a kanta a irin waɗannan yara, har da ta hannu da ake amfani da ita lokacin da yaro yake cikin barcin da aka sa shi don MRI. Ita ma tana da iyakarta, amma ta fi arha, kuma tana duba wurin da mutuwar take faruwa. Bambanci tsakanin rukunin yara 50 abu ɗaya ne, yanke hukunci a kan yarinya guda da take zaune a gabana wani abu ne daban.

Wata Uwa daga Maraɗi:
Salamu alaikum, likitoci da sauran 'yan uwa. Ku yi mini haƙuri in shigo da tawa damuwar, domin wannan magana ta shafe ni kai tsaye. Ni kaina ina da wannan cuta, ƙulle-ƙullen fata sun fara fito mini tun ina budurwa, kuma sai bayan haihuwata ta biyu wani likita ya gaya mini sunanta. 'Ya'yana uku ne, biyu daga cikinsu suna da tabon da likitocinmu suke kira da Faransanci kafe-o-le, ɗaya shekararsa shida, ɗayar shekararta uku. Ban taɓa jin cewa cutar tana taɓa ido ba sai yau. Tun da na karanta saƙon Baban Auta gabana yake faɗuwa, na kira su na yi ta nuna musu yatsu daga nesa suna ƙirgawa. Shin wajibi ne in nemi kuɗi ko ta halin ƙaƙa in kai su a yi musu wannan hoton yawon ruwa?

Likitan Yara:
Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya raya su. Amsar a taƙaice ita ce ba wajibi ba ne, kuma ko a ƙasashen da na'urar take a wadace ba a saba yi wa yaro mai NF1 hoton kai ba idan babu wata alama, saboda sau da yawa za a ga ƙarin da ba zai taɓa cutar da shi ba, a jefa iyaye cikin fargaba, a yi ta sa yaro barcin asibiti ba dalili.

Duk mai NF1, kowane cikin da aka samu yana da rabin yiwuwar gado. Tunda ke kina da ita, idan yaro yana da tabo shida ko fiye, kowanne ya haura milimita biyar, wannan ya isa a tabbatar masa da ita. Ki duba hammatarsu da matsematsinsu ma, akan ga ƙananan ɗigogi a can. Abin da yake kanki shi ne ki kai su wurin likitan ido, ki gaya masa sunan cutar da bakinki, a auna kowane ido shi kaɗai, a duba bayan idon, kuma a maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara har su kai wajen shekara takwas, daga nan a riƙa tsallake shekara. Ƙirga yatsu da idanu biyu a buɗe ba ya kama matsalar, domin ido mai lafiya yakan rufa wa mara lafiya asiri. Kada ki jira ranar asibiti idan kika ga ido ɗaya ya fara turowa waje, ko ya karkace, ko yaro yana yawan karo da abubuwa, ko alamun balaga sun bayyana tun yana ƙarami sosai, domin ƙarin da yake mararrabar yana maƙwabtaka da sashen da yake sarrafa girman jiki. A riƙa auna musu hawan jini da tsawo duk shekara.

Ma'aikacin MRI:
A wannan kam ni da likitocin bakinmu ɗaya. Hajiya, kada ki sayar da komai saboda DTI. Wasu na'urorin da suke yankinmu masu ƙaramin ƙarfin maganaɗisu ne, alhali wannan aiki yana son mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, da manhajar lissafi, da wanda ya san fassarar sakamakon. Sauƙaƙan nau'in hoton yawon ruwa muna yinsa kullum don gano shanyewar ɓarin jiki, amma bin sawun hanyar gani a ƙaramin yaro wani mataki ne daban. Idan likitan ido ya ga alama ya tura ku, hoton MRI na yau da kullum na kai da ramin ido shi ne ake bukata. Shawarata kawai ita ce ku karɓi faifan hoton ku adana, ba takardar rahoto kaɗai ba, kuma idan za a maimaita ku yi ƙoƙari ku koma na'urar da aka fara da ita.

Likitar Ido:
Baban Auta, kada dogon musun da muka yi ya sa ka ɗauka ina hana ka sa hannu. Da ni ce a matsayinka, zan yarda, tunda dama za a sa ta barci don hoton da aka saba, kuma ƙarin mintunan ba su da yawa. Tambayoyin da na jero ba za su samu amsa ba sai an bi yara da yawa tun daga farko, shekara bayan shekara, ana haɗa awon gani da OCT da yawon ruwa. Bukatar ma ta ƙaru yanzu da aka samu sababbin magunguna na sha irin su selumetinib, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020 don wani nau'in ƙarin NF1 na daban, ake kuma gwada shi a kan giliyoma ana kwatanta shi da tsohon magani, da gani a cikin abubuwan da ake aunawa. Ka tambaye su abu uku: minti nawa za a ƙara mata a barci, ko sakamakon binciken zai shiga cikin shawarar maganinta, da ko za su yi mata OCT a wannan zama.

Baban Auta:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi shiru kwana tara ne saboda ina jiran mu je mu dawo. Na rubuta tambayoyin Likita uku a takarda na tafi da su. Sun ce ƙarin barcin bai wuce minti goma ba, sun ce lambobin binciken ba za su shiga shawarar magani ba, awon gani ne zai yanke wannan, kuma sun yi mata OCT ɗin kafin ta farka. Mun sa hannu ni da mahaifiyarta.

Kwana biyu kafin hoton an auna ganinta da hotunan gida da tuffa da da'ira, an manne mata ido ɗaya da filasta. Da idon dama ta faɗe su duka har layin ƙasa. Da na hagu ta tsaya layi biyu sama da haka, ta ce gidan ya zama ƙwallo, sannan ta fara ƙoƙarin ɓare filastar. Likitar ta ce daidai inda ta tsaya wata uku da suka wuce ke nan, bai ƙaru ba bai ragu ba. Bayan hoton na roƙi mai binciken ya nuna mini abin da Malam ya kwatanta, ya juyo mini da allon kwamfutar, na ga koren zaruruwan nan biyu sun bazu zuwa ƙeyarta, ɗaya a kowane ɓangare. Za mu koma awon ido nan da wata uku, hoto kuma nan da wata shida. Hajiya ta Maraɗi, don Allah idan kin kai yaran wurin likitan ido ki dawo ki gaya mana yadda aka yi, matata tana ta tambayata labarinku.